Ciwon Mara da Ƙwayoyinsa: Yadda Aka Gano Amfaninsu da Cutarsu

Jawabinmu na yau a kan ciwon mara ne, watau ciwon nan da ke kama mata da yawa in jinin al'ada ya zo. Ga waɗansu ɗan murɗa ne na yini guda, sai ya wuce. Ga waɗansu kuwa ciwo ne mai kayarwa, har da amai da zawo da jiri da ciwon baya, yarinya ta kasa zuwa makaranta, matar aure ta kasa ɗora tukunya. Mun sani magana ce da a ke jin nauyinta, amma ɗakin shan magani wurin faɗin ciwo ne.

To, ku mata da ke jiran malamin asibiti, da ku maza da a kan aika sayen ƙwaya, ku saurari tarihin magungunan nan. Kowanne daga cikinsu da murna aka karɓe shi, sai bayan shekaru aka gano inda ya ke cuta, bayan ya riga ya cuci mutane. Ka'idodin da a ke gaya muku a kan shan ƙwaya daga wahalar mutanen nan aka samo su. Gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Kafin a sami ƙwaya

A ƙarni na 19, in ciwon mara ya kama mace a Ingila ko Amurka, abin da a kan ba ta shi ne lodanam, watau ofiyom da aka jiƙa cikin barasa. A kanti a ke sayar da shi. Yana kashe ciwo ba shakka, amma yana kama jiki. Mata da yawa da suka fara shansa domin ciwon kwana biyu, sai suka wayi gari ba su iya yini ba tare da shi ba. A 1875 kuma wata mata a Amurka, Lydia Pinkham, ta fara sayar da wani ruwan magani na saiwoyi domin ciwon mata, ya yi kasuwa ƙwarai. Kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke cikin kwalbar barasa ce. Darasi na fari ke nan: maganin da ke gusar da hankali rufe ciwo ya ke yi, ya bar tushensa, ya kuma bar mai shansa da jaraba.

Asfirin da tumbi

A 1763 wani malamin coci a Ingila, Edward Stone, ya ba da labarin ya gwada garin ɓawon wani itace da ke fitowa a bakin rafi, wanda su ke kira wilo, a kan masu zazzaɓi wajen 50, suka sami sauƙi. Masana suka yi ta neman abin da ke cikin ɓawon. Da suka same shi, sai ya zamana yana ƙona ciki. A 1897 Felix Hoffmann, ma'aikacin kamfanin Bayer a Jamus, ya haɗa irinsa mai sauƙin sha, a 1899 aka fito da shi kasuwa da sunan asfirin.

Shekara wajen 40 mutane suna sha, suna cewa ba ya taɓa ciki. Sai a 1938 waɗansu likitoci biyu a London, Douthwaite da Lintott, suka zura madubin leƙa tumbi a cikin waɗanda suka sha asfirin. Suka ga inda gutsuren ƙwayar ya kwanta ya yi ja, wani wurin har da jini. Daga baya aka tabbatar asfirin na jawo gyambon ciki, yana kuma hana jini daskarewa da wuri. Saboda haka macen da jininta ke zuba da yawa, asfirin na iya ƙara mata. Har wa yau, a 1986 aka yi gargaɗi a Ingila kada a ba yara asfirin, domin wata cuta mai kumbura ƙwaƙwalwa da ɓata hanta. Ka'ida yanzu ita ce, wadda ba ta kai shekara 16 ba kada a ba ta.

A.P.C. da ƙoda

Dattawa daga cikinku za su tuna da A.P.C., farar ƙwayar nan da a kan bayar a ɗakunan shan magani domin ciwon kai da ciwon jiki. Abu uku ne a cikinta: asfirin, da finasitin, da kafin, watau abin nan da ke cikin goro mai hana barci. A ƙasar Suwizalan, ma'aikatan masana'antar agogo, mata da yawa a cikinsu, sun saba shan ƙwayoyi masu finasitin kullum domin su jure aiki. A 1953 likitoci biyu na ƙasar, Spühler da Zollinger, suka lura masu yawan shan irin ƙwayoyin nan ƙodarsu tana lalacewa. Ba a rana ɗaya ta ke lalacewa ba, sannu a hankali ne, shekara da shekaru, mai ita bai sani ba. Ƙasashe suka bi da bi suna hana finasitin, Amurka ta hana a 1983.

Farasitamol da hanta

A 1949 masana biyu a Amurka, Brodie da Axelrod, suka gano jiki yana juya finasitin ya zama wani abu, shi ne ainihin mai kashe ciwon. Wannan abu shi ne farasitamol. A 1956 aka fara sayar da shi a Ingila da sunan Panadol. Ba ya ƙona tumbi kamar asfirin, sai mutane suka ɗauka ba shi da laifi ko kaɗan. Bayan shekara 10, a 1966, likitoci a Birtaniya suka ba da labarin waɗanda suka sha shi fiye da kima hantarsu ta lalace, har da mutuwa. Mugun abin shi ne, a ranar fari mutum na iya jin lafiyarsa ƙalau, sai bayan kwana biyu ko uku idonsa ya yi rawaya. Akwai makarinsa a babban asibiti, amma cikin awa 8 na fari ya fi aiki.

Yadda aka gano tushen ciwon

Duk wannan zamani ba a san abin da ke kawo ciwon mara ba. Likitoci da yawa cewa su ke yi raki ne, ko tsoro ne kawai a zuciyar mace. A 1957 wani masani a Ingila, Pickles, ya gwada jinin al'ada, ya tarar akwai wani abu a cikinsa mai sa tsoka ta murɗe. Cikin shekarun 1960 aka tabbatar abin nan shi ne furostagilandin, mahaifa ce da kanta ke yinsa domin ta matse ta fitar da jini. In ya yi yawa, sai mahaifa ta matse da ƙarfi har ta shaƙe hanyoyin jininta, tsoka ta rasa jini, ciwo ya tashi. Shi ne kuma ke kawo amai da zawo. Ashe matan da aka ce suna raki gaskiya su ke faɗi.

A 1971 John Vane, a London, ya nuna aikin asfirin shi ne hana jiki yin furostagilandin, a 1982 aka ba shi lambar Nobel. Nan aka gane amfanin da cutar gaba ɗaya. Furostagilandin da ke murɗa mahaifa, danginsa ne ke sa tumbi ya yi majinar da ke kare shi, su ne kuma ke taimakon jini ya isa ƙoda. Ƙwaya ba ta san mahaifa daga tumbi ba. In ta rage shi a nan, ta rage shi a can.

Ibufurofen, wanda Stewart Adams da abokan aikinsa suka samo a Nottingham ta Ingila a 1961, dangin asfirin ne, amma ya fi shi sauƙi ga ciki in an sha daidai. A 1969 likitocin Ingila suka fara rubuta shi, a 1983 aka yarda a sayar ba takardar likita. Shi da 'yan'uwansa, irin su dikulofenak da nafurozen, su ne suka fi farasitamol aiki a kan ciwon mara, domin tushen su ke taɓawa.

Tsohon tarko ya dawo

A 1977 aka fito da tiramadol a Jamus domin ciwo mai tsanani. Aikinsa a jiki irin na ofiyom ne, haka kuma kodin. Kun dai ga abin da su biyun suka yi wa samari da matan aure a garuruwanmu, har a 2018 Gwamnatin Nijeriya ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi. Tiramadol na kawo jiri da amai da taurin bayan gida, in ya yi yawa har da farfaɗiya. Yarinyar da aka fara ba ta shi domin ciwon wata, an ɗora ta a kan hanyar matan lodanam ke nan. Kada ku saya, kada ku karɓa, sai in likita ne ya rubuta.

Abin da za ki yi

To, 'yar'uwa, ga abin da tarihin nan ya bar miki.

1. Ki fara da wuri. Furostagilandin ya fi yawa a kwana biyun fari, ƙwaya kuwa hana yin sabo ta ke yi, ba ta kwashe wanda ya riga ya taru. Da jin alamar ciwo ko ganin jini sai ki sha. Icce tun yana ɗanye a ke tanƙwara shi.

2. Ibufurofen, ga babbar mace, miligiram 400 ne sau uku a yini, bayan cin abinci, kwana biyu ko uku. Kada ki wuce miligiram 1,200 a yini sai da izinin likita. Ki sha ruwa sosai, balle da bazara, domin ƙoda ta fi jin jiki in jiki ya bushe.

3. Farasitamol mai miligiram 500, ƙwaya biyu ne a sha ɗaya, da tazarar awa 4 zuwa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da kwana. Ƙaramar yarinya nata bai kai haka ba, a tambayi malamin asibiti. Ki duba kwalin maganin mura, da yawa akwai farasitamol a ciki.

4. Kada ki haɗa 'yan gida ɗaya. Ibufurofen da dikulofenak da asfirin a tare ba su ƙara sauƙi, gyambo su ke ƙarawa. Haɗin da mai kemis ke ƙulla miki a leda ba suna, ki tambayi sunan kowace ƙwaya. In bai faɗa ba, ki bar masa abinsa.

5. In kina da gyambon ciki, ko ciwon ƙoda, ko asma, ko hawan jini, ko kina zaton kina da ciki, kada ki sha dangin asfirin sai kin tambaya.

6. Ki gasa mara. Kwalbar ruwan ɗumi a naɗe cikin zane tana sassauta tsoka. A 2001 an gwada a Amurka, aka ga ɗumin da ya daɗe a kan mara yana rage ciwo kamar yadda ibufurofen ke yi. Shayin citta da ɗan tattaki su ma suna taimako.

In kin sha ƙwaya kika ga bayan gida baƙi kamar kwalta, ko aman jini, ko zafi mai tsanani a bakin ƙirji, ko kumburin fuska, ko numfashi yana sarƙewa, ki daina nan take a kai ki asibiti. Wadda ta sha farasitamol fiye da kima ita ma a kai ta a ranar, ko tana cewa lafiyarta lau.

In ƙwaya ta kasa

Ciwon da ya fi ƙarfin wannan ma'auni wata uku a jere ba ƙarin ƙwaya ya ke nema ba, likita ya ke nema. Haka kuma ciwon da ke ƙaruwa kowane wata, ko ya fara bayan mace ta manyanta, ko ya zo da zafin saduwa, ko zazzaɓi da ruwa mai wari, ko jini mai gudaji har mace ta yi fari. Yana yiwuwa ƙari ne a mahaifa, ko ciwon sanyi, ko cutar nan endometiriyosis, wadda likita John Sampson na Amurka ya bayyana cikin shekarun 1920, inda nama irin na cikin mahaifa ke tsirowa a wajenta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tana kama wajen mace 1 cikin 10 na masu shekarun haihuwa. Likita yana da abin yi. Ko ƙwayar tazarar haihuwa, da aka fito da ita a Amurka a 1957 domin matsalar al'ada aka fara ba da ita, sai a 1960 aka yarda da ita domin tazara, har yanzu kuwa likitoci suna rubuta ta domin ciwon mara.

Abu guda ba ya jiran gobe: in al'ada ta yi ɓatan wata, sa'an nan ciwo mai tsanani ya kama gefe ɗaya na mara, da jiri ko suma, yana yiwuwa ciki ne ya zauna a wajen mahaifa. A nemi mota ko da tsakar dare ne.

Ku iyaye mata, kada ku ce wa yarinya ta yi haƙuri in ta yi aure zai daina. Gaskiya ne waɗansu kan sami sauƙi bayan haihuwa, amma aure ba magani ba ne, kuma shan ƙwaya daidai na kwana biyu ko uku a wata ba ya hana haihuwa nan gaba. Ku maza, in an aike ku kemis, ku tafi da sunan magani a rubuce, ku dawo da shi cikin kwalinsa. Abin da ya shige muku duhu ku tambayi malamin asibiti, matambayi ba ya ɓata.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.