Daga Samariya Zuwa Zaren Awon Damtse

Ɗan'uwa, ƴar'uwa, kafin ka wuce wajen hotunan da ke ƙarshen ɗan littafin nan, ka ba ni aron minti biyar. Mukan yi magana kamar mu ne muka fara aikin sa kai a ƙasar Magariya da Dungas. Ba mu ba ne.

Kakana ya riƙe sarautar sarkin samari a ƙauyenmu. In ya tashi ba da labari, da gayya yake farawa: gonar tsoho ko ta gwauruwa ta cika da ciyawa, a buga ganga, samari su fito da hauya, ƴan mata su kawo fura, kafin azahar an gama. Ba takarda, ba kuɗin zama. Wannan ita ce samariya tun asali.

Da Seyni Kountché ya karɓi mulki ranar 15 ga Afrilun 1974, ƙasa na cikin fari da yunwa, sai gwamnatinsa ta ɗauko samariya ta mai da ita hannunta a kowane gari. Kuma an yi aiki, gaskiya: ajujuwan lakwal na laka da na zana, yasar rijiyoyi, dashen itatuwa, sharar gari. Har yau a wasu garuruwa za ka ji ana kwatance da gidan samariya. Sai dai a hankali abin ya sake kama. Da, mutanen gari ke cewa ga abin da ya dame su. Yanzu umarni ke saukowa daga sama, a fito tarbar baƙo, a yi tafi. A 1989, zamanin Ali Saibou, aka kafa jam'iyya ɗaya tilo, MNSD, samariya ta shige inuwarta. Da Babban Taron Ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar jam'iyyu da yawa, samari suka rarrabu, kowa ya bi tutarsa. Kakana yakan ce ba wanda ya zo ya rufe samariyarsu, kawai an wayi gari an buga ganga ba wanda ya fito.

A ganina nan ne kuskuren: aikin ya bar hannun masu shi. Wanda ya saba fitowa don an ce ya fito, ran da mai cewa ya tafi, shi ma gida zai koma.

Yunwar 2005 ta zo da wani salo. A shekarar ne ƙungiyar likitoci ta MSF ta fara aiki a Magariya saboda tamowa. Motocinsu kowa ya gani. Waɗanda ba a cika gani ba su ne ƴan sa kai na ƙauyuka, waɗanda ake kira rele. Su ke bi gida gida da zaren awon damtse. In damtsen yaro bai kai milimita 115 ba, zaren ya nuna ja, a ce wa uwa ta ɗauki goyo sai likita. Su ke raba maganin rigakafin masassarar cizon sauro wata wata a damina, suna rarrashin maigidan da ya ce ba a shigar masa gida. Abin da ake ba su bai taka kara ya karya ba, kuma lokacin ne gonarsu ke jiransu.

Kada ka ɗauka matsalar ta wuce. A daminar 2018 MSF ta ce kusan yara goma ke rasuwa kowace rana a asibitin Magariya. Da yawa an kawo su a makare, daga ƙauyukan da in ruwa ya sauka ko amalanke da ƙyar take fita.

To mu fa? Ran rabon abincin azumi tabarma ba ta isarmu, ni ma ina cikin hoton, na sa sabuwar riga. A watan takwas, da rumbu ya yi ƙasa, sauro ya yi yawa, mu nawa ne? Bara na ce karatu ya riƙe ni a Damagaram, alhali hutu ake. Ƙarya na yi wa kaina.

Matar da ke auna yara a unguwarmu ta fara tun ina firamare. Ta san wace uwa ke jin kunyar zuwa likita, wane gida ake ɓoye yaro in ya kumbura. Ba a koyon wannan a mako ɗaya. Yanzu gwiwa na damun ta, kuma da na tambaye ta wa zai karɓe ta, dariya ta yi, ta miƙo mini zaren.