Matsayin Maniyyi a Wajen Masu Yoga na Ƙasar Hindu

A ƙasar Indiya, wadda Hausawa kuma kan kira ƙasar Hindu, akwai wani tsohon ra'ayi game da jikin namiji wanda ya yi kusan shekara 2,000 a rubuce. Ra'ayin kuwa shi ne, maniyyi jarin rai ne. Wanda ya tattala shi zai sami ƙarfi da tsawon kwana, wanda kuwa ya yi almubazzaranci da shi zai raunana tun bai tsufa ba.

Masu maganin gargajiya ne suka bayyana dalilin haka dalla-dalla. A cikin littattafan Caraka da Sushruta, watau manyan littattafan ilmin maganin da su ke kira Ayurbeda, an ce jiki hawa bakwai ne. Abinci ya kan narke ya zama ruwa, ruwan ya zama jini, jini ya zama nama, nama ya zama kitse, kitse ya zama ƙashi, ƙashi ya zama ɓargo, daga ɓargo kuma a tatso maniyyi. Sushruta ya ce wannan tafiya ta kan ci wata guda. Ashe ke nan a ganinsu maniyyi shi ne man da a ke samu bayan an daɗe ana kaɗa nono. Talakawa kuma har yau su kan ce sai jini ya yi ɗigo 40 kafin a sami ɗigo ɗaya na maniyyi.

Masu gudun duniya suka ɗora a kan wannan. Fatanjali, wanda ya tsara ƙa'idodin yoga fiye da shekara 1,500 da suka wuce, ya sa kame kai daga jima'i cikin hani biyar na farko, ya ce da shi a ke samun kuzari. Sunan wannan kamewa birahmacariya. Abin koyinsu kuwa Shiba ne, ɗaya daga cikin manyan allolinsu. Sun ce shi ne ya dubi Kama, allan sha'awa, da idonsa na uku, ya ƙone shi ƙurmus.

A ƙarni na 11 aka rubuta wani littafi mai suna Amritasiddi, a cikin wata ƙungiya ta mabiya Buda, daga baya Hindu suka karɓi koyarwarsa suka yaɗa ta. Wannan koyarwa ta kira maniyyi bindu, watau ɗigo. An ce ma'ajiyarsa a cikin kai ta ke, a wani wuri da suka kira wata. Kullum yana ɗiga kaɗan-kaɗan, ya faɗa cikin wutar ciki wadda suka kira rana, ya ƙone, ko kuwa ya fita ta hanyar jima'i. Ran da ya ƙare, mutum ya mutu. To, tun da haka ne, sai aka shiga neman dabarar da za a tsai da shi. Sawatmarama ya tattara dabarun a ƙarni na 15 cikin littafinsa Hata Yoga Faradifika. Wata dabara ita ce mutum ya kifa kansa ƙasa, ƙafafu sama, don ɗigon ya tsaya inda ya ke. Wata kuma ita ce ya lanƙwasa harshe baya har ya wuce beli, ya toshe kafar da ɗigon ke bi. Akwai kuma riƙe numfashi, domin sun ce numfashi da tunani da maniyyi a ɗaure su ke da igiya ɗaya, in ɗaya ya tsaya sauran biyun ma sun tsaya.

Amma ba dukansu ne suka ce a ɓoye jarin ba. Wata ɗarika ta mabiya Tantara, wadda a ke kira Kaula, ta ɗauki ruwan namiji da na mace a kan hadaya mai tsarki, wadda a ke miƙa wa alloli mata a cikin ibada ta asiri. Sun ce farin ɗigo na Shiba ne, jan ɗigo kuwa, watau jinin mace, na Shakti ne, daga haɗuwarsu kuma duniya ta samu. Abinabagufta, babban malamin Kashmir wanda ya rayu wajen shekara ta 1000, ya bayyana wannan ibada a littafinsa Tantaraloka, amma ya keɓe ta ga 'yan kaɗan waɗanda suka kai. Akasarin mabiya Tantara ba su yin ta a zahiri, sai dai a cikin tunani. Har masu neman juya ƙarfe ya koma zinariya sun shiga zancen, suka ce zaiba maniyyin Shiba ce, farar wuta kuma jinin matarsa.

Wannan ra'ayi bai tsaya a kogon masu gudun duniya ba. 'Yan kokawar Banaras, waɗanda ke girmama Hanuman saboda bai san mace ba a labarunsu, su kan kame kansu, su sha madara da man shanu don su tara ƙarfi. Mahatma Gandi ma, yana da mata da 'ya'ya huɗu, ya yi alkawarin birahmacariya a shekara ta 1906 a Afirka ta Kudu, yana da shekara 36, domin ya ba da ƙarfinsa duka ga hidimar jama'a.

Sai dai abin da ya ƙarfafa waɗansu ya firgita waɗansu. Samari da yawa a Indiya su kan je asibiti da kasala da ramewa da rashin barci, suna cewa ransu ne ke zuba cikin fitsari ko a mafarki. A shekara ta 1960 wani likitan ƙwaƙwalwa, N. N. Wig, ya sa wa wannan damuwa suna dat, daga kalmar datu, sunan hawan nan bakwai na jiki. Likitocin zamani sun tabbatar cewa ba a kai maniyyi ya ke taruwa ba. Maraina da waɗansu gaɓoɓi kusa da mafitsara ne ke yin sa kullum, fitarsa kuma ba ta rage jini ko kwana. Maganin irin waɗannan samari shi ne likita ya zauna da su, ya bayyana musu yadda jiki ke aiki, ya kuma yi maganin fargabar da ta hana su sakat.