Yuriya: Yadda Aka Gano Aikin Hanta da Ƙoda

Farin takin da manoman Gombe ke saye kowace damina don masara, da abin da likita ke aunawa a jini idan ya ce a je gwajin ƙoda, sinadari guda ne: yuriya. Jikin ɗan Adam ya riga masana'anta sarrafa ta.

Nama, wake, ƙwai da nono duk suna ɗauke da naitirojin. Idan jiki ya ɗebi bukatarsa, ragowar takan zama amoniya, guba ce mai taɓa ƙwaƙwalwa. Hanta ke mayar da ita yuriya, ƙoda kuma ta tace ta cikin fitsari.

An daɗe kafin a fahimci wannan. A 1773 Bafaranshe Hilaire Rouelle ya ware yuriya daga fitsari. A 1828 Bajamushe Friedrich Wöhler ya haɗa ta a ɗakin bincike ba tare da ƙodar mutum ko dabba ba, abin da ya ba masanan zamaninsa mamaki. Amma yadda hanta ke yin aikin, sai a 1932 Hans Krebs da ɗalibinsa Kurt Henseleit suka warware shi a Freiburg. Sun yi gwaji da siraran yankan hanta, suka ga sinadarin onitin yana ɗaukar amoniya, ya sauke ta a matsayin yuriya, ya dawo ɗaukar wata. Shekara guda bayan haka gwamnatin Hitler ta raba Krebs da aikinsa saboda Bayahude ne, ya koma Ingila.

Idan ƙoda ta gaza fa? Yuriya ta taru a jini, sai amai, kasala da ruɗewa. Willem Kolff na Holan ne ya ƙera injin wankin ƙoda ana tsakiyar yaƙin duniya na biyu, kuma a 1945 ya ceci ran wata dattijuwa da shi.

Yau ana wankin ƙoda a Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe, wanda ya faro a 1996, shekarar da aka ƙirƙiri jihar. Sai dai wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako, yana cinye gona da shanun gida. Mai hawan jini ko ciwon suga, don Allah kada ka jira kumburin ƙafa, je a auna jininka tun yanzu.