TASHAR JIRGIN ƘASA TA INUGU: TARIHINTA DA FASALIN GININTA

Gabatarwa

Duk Bahaushen da ya sauka a Anacha a wannan zamani, to a Upper Iweka ya fara taka ƙasa, inda manyan motoci ke juye fasinja da kaya dare da rana. Wannan ya sa da yawa daga cikin matasanmu suka ɗauka cewa mota ce ta kawo iyayenmu ƙasar Ibo. Alhali kuwa kafin kwalta ta yi ƙarfi, babbar ƙofar shiga Gabas ita ce tashar jirgin ƙasa ta Inugu. A wannan maƙala za mu dubi yadda aka kafa ta, da fasalin gininta, da kuma matsayinta a tarihin Hausawan wannan yanki.

Asalin Tashar

Kwal ne ya haifi wannan tasha. A shekarar 1909 wani Bature masanin ma'adinai mai suna Albert Kitson ya gano kwal a tsaunukan Udi. Turawan mulkin mallaka suna matuƙar bukatarsa domin jiragen ƙasa da na ruwa, sai dai babu hanyar fitar da shi zuwa teku. Kogin Kwara yana kusa, amma ruwansa kan janye da rani. Saboda haka aka nemi gaɓa mai zurfi a kudu, aka kafa sabon gari wanda Gwamna Lugga ya raɗa wa sunan Sakataren Ƙasashen Mulkin Mallaka, Lewis Harcourt, a 1913. Shi ne garin da harshenmu ya mayar Fatakwal. Daga can aka shimfiɗo dogo mai tsawon mil 151, ya iso Inugu a 1916. Anacha kuwa, duk da girman kasuwarta, dogo bai taɓa ratsa ta ba.

Daga bisani aka miƙa layin zuwa arewa. Ya kai Makurɗi a 1924, sa'an nan a 1927 ya haɗu da layin Kano a Kaduna ta hanyar Kafanchan. Da farko jirgin fito ne ke tsallakar da taragai a kogin Binuwai, har sai da aka buɗe gadar Makurɗi a 1932. Tun daga lokacin mutum kan iya hawa jirgi a ƙasar Hausa ya sauka a Inugu ba tare da ya shiga kwalekwale ba.

Fasalin Gini

Tashar tana kan titin Ogui, kuma ta bi tsarin manyan tashoshin reluwe na wancan zamani. Masu zanen ba ado suka sa a gaba ba; zafin rana da yawan ruwan sama da nauyin kaya su ne suka tsara musu aiki. Shi ya sa ake ɗaga rufi sama domin iska ta kewaya, a yi rufin kwano mai gangara domin ruwa ya zuba nesa da bango, a kuma fitar da doguwar rumfa a bakin dogo inda fasinja ke jira. Idan muka auna wannan da ginin ƙasar Hausa za mu ga bambancin dabara. Maginanmu da kaurin bangon ƙasa da ƙanƙantar taga suke yaƙar zafi, su kuwa waɗannan da inuwar baranda da buɗaɗɗun tagogi, domin zafin kudu mai gumi ne.

Har ila yau, ɗakin fasinja ƙaramin yanki ne kawai na filin. Mafi yawansa na aikin kaya ne: layuka barkatai na jera taragai, da sito, da rumfar gyaran kan jirgi, da tankin ruwa, tunda jirgin wancan lokaci da kwal da ruwa yake tafiya. Wannan rabon fili da kansa shaida ne cewa domin kwal aka yi wurin, mutane kuwa daga baya suka shigo lissafi. Su ma da suka shigo, sai aka kasa su aji uku, kowane aji da kuɗin tikitinsa da irin mazauninsa, talaka kuwa bencin katako ne rabonsa.

Bugu da ƙari, tashar ce ta tsara garin. Turawa suka keɓe wa kansu unguwa a gefe guda, leburorin haƙar kwal aka zaunar da su a Ogbete, ma'aikatan reluwe aka gina musu nasu gidajen, sa'an nan unguwannin Ogui da Asata suka bunƙasa a kusa. Hatta filin wasa na Nnamdi Azikiwe da ke kan wannan titi, asalinsa filin wasan ma'aikatan reluwe ne.

Hausawa da Tashar

Babu shakka Hausawa sun san ƙasar Ibo tun kafin dogo. Wasu sun biyo Kwara zuwa Anacha, wasu sun kai dawaki yankin Nsukka. Amma jirgi ne ya mayar da ɗaiɗaikun fatake al'umma. Ƙudan tsando ya hana kiwon shanunmu a kurmi, kuma korar garke a ƙasa kan ci makonni, dabbobi su rame, wasu su mutu a hanya. Da tarago ya samu, sai tafiyar ta koma ta 'yan kwanaki. Shanu da wake da albasa da busasshen kifi suka riƙa gangarowa, manja da kwal da hajar Turai suna haurawa. Inda shanu suka sauka kuwa dole a sami mai masauki da dillali da mahauci, daga nan sai masallaci da makarantar allo da Sarkin Hausawa. Haka zangunanmu suka kafu a Inugu da Umuahia da Aba da Fatakwal. A cikin wannan yanayi ne Malam Umaru Altine, Bafulatani ɗan kasuwar shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko a shekarun 1950, da ƙuri'un Ibo.

To amma ƙofar da aka shigo ta ita, ta nan aka fita. A 1966, bayan juyin mulki biyu da kashe-kashen da aka yi wa Ibo a Arewa, jirage suka riƙa isowa wannan tasha cike da 'yan gudun hijira, wasu da raunuka, wasu sun rasa iyalansu. 'Yan Arewa mazauna Gabas su ma ramuwar gayya ta faɗa musu, waɗanda suka tsira suka bar gidaje da rumfuna suka nufi gida. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya yanke layin baki ɗaya. Bai kamata mu ba da labarin wannan tasha mu tsallake ko ɗaya daga cikin waɗannan hawaye biyu ba.

Dusashewa

An maido da zirga-zirga bayan yaƙi, amma zamani ya riga ya juya. Man fetur da aka gano a Oloibiri a 1956 ya karya darajar kwal, reluwe kanta ta koma amfani da injinan dizal. Gadar Anacha da aka kammala a 1965 ta buɗe wa motoci hanya, tirela ta ƙwace jigilar shanu, rashin kulawa kuma ya ƙarasa abin da ya rage. Sai ga shi garin da dogo ya tsallake shi ne ya zama cibiyar sufuri. A 2021 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da gyaran layin Fatakwal zuwa Maiduguri, a 2024 kuma jirgi ya sake ɗaukar fasinja tsakanin Fatakwal da Aba.

Kammalawa

Masu iya magana kan ce, kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Ginin tashar ana iya gyara shi duk ranar da kuɗi suka samu, amma dattawan da suka rako shanu a tarago, suka gudu a 1966, suka kuma dawo bayan 1970, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya. Tarihin kwal da na Turawa yana nan a rubuce. Namu kuwa mafi yawansa a bakin waɗannan tsofaffi yake. Muna kira ga ɗalibanmu, musamman masu neman batun kundin digiri, da su shiga zangunan Inugu da Anacha da Fatakwal su naɗi wannan tarihi tun masu shi suna raye.