Jinya Kafin Makoki: Nazarin Halin Masu Jinyar Dangi a Iyakar Jibiya

Tsakure

Maƙalar ta dubi nauyin da ke zuciyar mai jinyar ɗan'uwan da ciwonsa ya gagari magani, a yankin Jibiya da Maraɗi. Matsayarta ita ce: al'adarmu ta tsara tallafi bayan rasuwa, amma ta bar mai jinya shi kaɗai kafin ta.

Gabatarwa

Tun a 1944 likitan ƙwaƙwalwa Erich Lindemann ya nuna cewa mutum kan fara alhinin rashi tun wanda zai rasa yana raye. A 2014 babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya nemi ƙasashe su sanya kulawar sassauta raɗaɗi cikin tsarin lafiyarsu, kulawar da ta haɗa har da iyalan mara lafiya. A ƙauyukan iyaka, iyalan nan galibi mace ɗaya ce: mata, ko 'ya, ko suruka.

Inda giɓin yake

Da zarar an yi rasuwa, kowa ya san aikinsa. Akwai zaman makoki, da ta'aziyya, da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in a gidajen da ke yin su, sannan takabar wata huɗu da kwana goma. Watannin da suka gabaci rasuwar kuwa ba su da tsari. Mai dubiya zai ce "Allah ya sa kaffara ne," ya ajiye lemo ya tafi. Wadda ta kwana tana juya maigida, tana wanke zanen gado kafin asuba, "ya mai jiki?" kawai ake tambayarta, ita kuma dole ta ce "da sauƙi." In ta ce ta gaji, a ce ba ta da haƙuri. In ta nuna ta fahimci tafiya ta zo, a zarge ta da mugun fata. A ganina wannan shirun ya fi rashin barcin cin rai.

Tasirin iyaka

Zumuncin Jibiya da Ɗan Isa da Madarumfa ya girmi iyakar kanta, kuma da shi ake karɓa-karɓar jinya. Rufe iyaka a Agustan 2019, wanda a Jibiya bai ƙare ba sai Afrilun 2022, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin Nijar a 2023, sun wahalar da wannan zirga-zirga. Hare-haren 'yan bindiga kuma sun tarwatsa gidaje da dama, ga shingaye a hanyar zuwa asibitin koyarwa na Katsina.

Shawara

Ba sai an jira ƙwararru daga birni ba. Limamai da malaman Islamiyya na mata za su iya bayyana cewa kuka da gajiya ba sa rushe tawakkali, kuma a horar da ma'aikatan asibitin Jibiya su riƙa keɓe mai jinya su tambaye ta halin da ita kanta take ciki, kafin a sallami mara lafiya zuwa gida.