Educare da Educere: Asalin Kalmar Éducation da Matsalar Fassara Ta da Hausa

A tarurrukan masu tsara yaƙi da jahilci an sha faɗin cewa asalin ma'anar kalmar Faransanci éducation shi ne fito da abin da ke ɓoye cikin yaro. Maganar tana da daɗin ji, amma tarihin harshe bai goyi bayanta sarai ba.

Latinanci yana da aikatau biyu masu kama da juna. Educere ya haɗa e-, wato waje, da ducere, wato ja gaba. Shi ake faɗi idan shugaban yaƙi ya fito da runduna daga sansani. Educare kuwa, ko da yake saiwarsu ɗaya, ma'anarsa reno: ciyar da yaro, ko ma dabba, har ya girma. Daga wannan na biyu ne aka samu educatio, uwar éducation, da educar na Sifaniyanci da na Fotugal, da educare na Italiyanci. Sauran zuriyar ducere sun bi wata hanya: conduire, produire, traduire, har da sarautar duc. Faransawa kansu sun daɗe suna fifita élever a kan éduquer, kuma sai a 1932 ma'aikatarsu ta bar sunan Instruction publique ta ɗauki Éducation nationale.

Damagaram tana da nata rabe-raben tun kafin sojojin Faransa su ci Zinder a 1899. A bakin malaman birni, karatu na allo ne, ilimi na littattafai, tarbiyya kuwa ta hali. Tarbiyya daga Larabci take, daga saiwar da ke nufin girma da ƙaruwa, don haka ita ce takwarar educare ta gaskiya. Da makarantar Nasara ta zo, jama'a suka aro mata suna daga l'école, suka ce lakwal, malaminta ya zama mushe. Ba wanda ya ɗora mata nauyin reno.

Bayan an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Zinder a 1973, tilas mai fassara ya zaɓi kalma, kuma galibi ilimi ake zaɓa. A ganinmu ilimi instruction yake fassarawa, wato sunan da Faransa ta ajiye a 1932. Uban da aka ce masa lakwal tana ba da ilimi ba zai yi musu ba. Da yamma dai zai tura ɗansa wurin malamin allo neman tarbiyya.