Kalmar Shedeh: Tsimin Rumman ko na Inabi?

Masana tarihin Masar sun daɗe suna fassara shedeh, wani abin sha na zamanin Fir'aunoni, da tsimin rumman. Zaton nan ba a banza ya taso ba, gama rumman baƙo ne mai daraja wanda ya shigo Masar daga Asiya, har an sami 'yar butar azurfa mai siffarsa a kabarin Tutankamun, wanda Howard Carter ya gano a 1922. Amma a 2006 masu bincike na Jami'ar Barsalona suka bayyana abin da ya bushe a gindin wani tulu na kabarin nan, mai rubutun shedeh a jikinsa. Ashe jan inabi ne. Lalle daɗewar fassara a littattafai ba hujja ba ce.